Jajayen Duwatsun Baban Sito

Mahaifina ya yi shekara talatin da takwas yana kula da duwatsu. A takardar aikinsa an rubuta ma'ajin sito, a wurin aiki kuma kowa Baban Sito yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Muna yara idan aka tambaye mu aikin babanmu, yayana yakan ce a ma'aikatar binciken ƙasa yake, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni auta, da bakina ba ya rufuwa, sai in ƙara da cewa duwatsu yake yi wa wanka. 'Yan aji su yi ta dariya, alhali ba ƙarya na yi ba.

Siton wani dogon gini ne a bayan ofisoshin, rufin kwano, tagoginsa can sama. Cikinsa kantocin ƙarfe ne a jere, a kansu dogayen akwatunan katako marasa zurfi. Idan ka buɗe ɗaya za ka ga sandunan dutse kwance layi-layi, kowace kaurin taɓarya. Duk lokacin da ma'aikatar ta so sanin abin da ke ƙarƙashin wani wuri, sai ta kai injin haƙa, injin ya yanko dutsen a mulmule ya fito da shi guntu-guntu, a jera a akwati daga na sama zuwa na ƙasa, a rubuta zurfin kowanne. A bakin wannan injin Baba ya fara, lebura, yana ɗan shekara goma sha tara. Shi ke karɓar sandar, ya wanke mata laka, ya kwantar da ita inda ya dace. Ya ce ranar farko shugaban masu haƙar ya gaya masa magana ɗaya: "Idan ka juya guntu ɗaya, kai ya koma ƙafa, ka yi wa ƙasa ƙarya, kuma ba mai kama ka." Shekara tara ya yi a daji bai juya ko ɗaya ba. Da bayansa ya fara ciwo, ga kuma Umma da goyon yayana, sai aka dawo da shi sito.

Aji huɗu ya yi a firamare. Lamba ba ta yi masa gardama, rubutu kuwa a hankali yake bin sa da yatsa. Amma duwatsun nan ya san su yadda ake sanin maƙwabta. Dukkansu irin waɗanda ruwa ya kwaso ya ajiye ne, shimfiɗa kan shimfiɗa, har nauyi ya danne su suka ƙame. Akwai na yashi, akwai na laka mai ɓarewa falle-falle kamar tsohon littafi, akwai na farar ƙasa wanda idan an ɗiga masa asid sai ya yi kumfa. Masana suna da dogayen sunayensu, shi ma yana da nasa: Hanta, Toka, Sabulu, Mai Ƙaiƙayi. A wurin masanan ya koyi gutsurar ɗan dutse ya murza tsakanin haƙora. Idan ya ji gurus-gurus, akwai rairayi a ciki. Idan ya narke sumul, yumɓu ne zalla. A nan haƙorinsa na gaba ya ɓantare.

Idan ya dawo gida da jan gari a leɓe, Umma takan dube shi ta ce, "Malam, in zubo abinci, ko ka ƙoshi a wurin aiki?"

Shi kuma ya ce, "Zubo, na can ba gishiri."

Saura shekara huɗu ya yi ritaya aka kawo wata sabuwar masaniyar duwatsu. Da kaɗan ta girmi yayana, siririya mai saurin tafiya, kullum da ɗan gilashin duba dutse rataye a wuyanta. Dakta ake ce mata. Ni lokacin ina makarantar koyon aikin jinya, ba nisa da ma'aikatar, ina biyawa da rana in auna masa jini in tabbatar ya sha maganinsa, don haka a gabana aka yi karonsu na farko.

An ba ta aikin sabunta taswirar wani yanki. A tsohuwar taswirar, duk jan dutsen yashin da ke yankin an shafa masa launi ɗaya, an ba shi suna ɗaya, sunan wani kogi, tun kafin a haifi Baba. Ta sa aka sauko mata da akwatunan rami uku, sai ta ga a gefen wasu an ja layi da farin alli.

"Baba, wa yake yi mana zane a jikin akwatuna?"

"Ni ne, Dakta."

"Ai ba a yin haka. Abin da ba ya cikin rajista ba ya hawa akwati."

"To, a yi haƙuri. Sai in goge."

Ya ɗauko tsumma ya jiƙa. Har ya goge na farko sannan ta ce ya dakata. "Me layin yake nufi?"

"Nan ne Babba ya ƙare, Ƙarami ya fara."

"Wane babba?"

"Jan. Ai su biyu ne."

Ya ɗauko guntu ɗaya daga ƙasa da layin, ɗaya daga sama, ya tsoma su a bokiti ya ajiye mata a kan tebur. Ni dai ja na gani da ja. Ya ce ta rufe ido ta goga babban yatsa. Na ƙasan ƙwayoyinsa manya ne masu kaifi, suna cizon fata, layukan jikinsa kuma a karkace suke. Na saman laushi ne da shi, layukansa a miƙe, kuma da ta sa gilashinta ta ga ɓurɓushin ɓawon katantanwa a ciki. Ta ɗiga wa kowanne asid. Na saman ya yi 'yar kumfa, na ƙasan ko gezau. Sannan Baba ya nuna mata abin da ke tsakaninsu, daidai inda yake jan allinsa: wata 'yar shimfiɗar tsakuwa, faɗin yatsu huɗu.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun ina wanke su a daji."

"Ka taɓa gaya wa wani?"

"Na gaya wa wani oga sau ɗaya. Ya ce ja, ja ne."

Dakta ta zauna a kan wani akwati. Ta gaya masa abin da take zato: na ƙasan kogi ne mai gudu ya zubar da shi, sai aka yi dogon lokaci ba abin da ya taru, sai ruwan teku ya shigo a hankali ya shimfiɗa na saman. Tsakuwar ita ce alamar wancan dogon lokacin.

Baba bai taɓa ganin teku ba. Ranar da yamma ya zauna a tsakar gida yana kallon tafin hannunsa, ya ce wa Umma, "Ashe shekara talatin ina wanke ƙasan teku ban sani ba."

"To gobe ka taho mana da kifi," in ji ta.

Amma ba a raɗa wa dutse suna don kawai mutum biyu sun yarda. Dakta ta yi masa bayanin ƙa'idar, shi kuma ya zo ya maimaita mana a gida har muka haddace. Dole ya zama duk mai guduma da ido zai iya bambanta shi da na samansa da na ƙasansa a fili, ba sai ya je ɗakin gwaji ba. Dole ya yi faɗin da za a iya zana shi a taswira. Dole a sami wani wuri buɗaɗɗe inda ake ganinsa daga gindi har kai, don duk mai shakka ya je ya auna da kansa. Sunan kuma daga wuri mafi kusa ake ɗauko shi, ƙauye ko rafi ko tudu. Baba ya mayar da abin nasa harshen: shimfiɗun da suka yi kama suka zauna tare su ne gida guda mai sunansa, a cikin gida kuma ana iya samun ɗakuna.

"Wato so kike ki raba musu gida," ya ce mata.

"Idan sun cancanta, Baba."

Buɗaɗɗen wurin ne ya fara ba su wuya, don a akwati kawai suke ganin abin. Sai Baba ya tuna wani kwazazzabo inda suka taɓa yada zango yana saurayi, suna jan ruwa wa injin. Ya ce yakan yi wanki a gindin wata doguwar gaɓa, kuma a jikinta akwai layin tsakuwar nan. Sunan ƙauyen ya ɓace masa; abin da ya riƙe shi ne wata karyayyiyar gada. Sau biyu suna fita da direban ma'aikata suna dawowa hannu banza. A na uku ne suka gane ashe an gina sabuwar gada tun tuni, sun bi ta kanta har sau huɗu. Wani falalen dutse da yake buga wanki a kai ne ya gane. Ya dawo ƙafafu a kumbure, na yi ta faɗa ina jiƙa masa su a ruwan ɗumi, shi kuwa murmushi kawai yake yi yana ba Umma labarin tsawon gaɓar.

Dakta ta rubuta rahoto ta kai wa kwamitin da ke amincewa da sababbin sunaye. Shugabansa wani tsohon farfesa ne, malaminta a jami'a. Ya mayar mata da shi. Ba don mugunta ba. Ya ce ya ga sunaye da yawa da aka raɗa cikin ɗoki suka zama kaya a wuyan ɗalibai. Rami uku da kwazazzabo ɗaya ba su isa ba. Sai ta nuna masa abin ya ratsa yankin gaba ɗaya, in ba haka ba ɓangare ne kawai na tsohon dutsen.

Ta shigo sito idonta ja. Baba ya ba ta kujerarsa, ya zuba mata ruwa a kofinsa.

"Ya ce ɗaki ne, ba gida ba," ta ce.

"Bai yi laifi ba. Shi bai wanke su ba." Ya nuna kantocin da haɓa. "Ramukan yankin nan sittin da biyu ne. Duk suna nan."

Wasu akwatunan gara ta cinye takardunsu, wasu ruwan yoyon rufi ya wanke lambobinsu shekaru da suka wuce. Baba yakan buɗe akwati ya daɗe yana kallo, ya shafa, sannan ya ce, "Wannan na bayan tudun nan ne, shekarar da injin ya maƙale," a duba tsohon littafin masu haƙa a tarar haka ne. Ba kullum yake dacewa ba. Akwai akwati goma sha ɗaya da ya ce bai gane su ba, kuma ya ƙi yin cinta, aka ware su gefe.

Ana tsakiyar wannan aikin, wata safiya Umma tana shanya a igiya ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana ta ɗauke. Mako biyar muka yi a asibiti. Baba ya ɗauki hutu, ya kafa kujera a gefen gadonta. Ni ce mai koyon jinya, amma bai bar ni in goge mata hannun ba. Yakan jiƙa tawul a ruwan ɗumi ya bi yatsun ɗaya-ɗaya, ya busar, ya kwantar da hannun a kan matashi a hankali, yana yi mata hira duk da ba ta amsawa. Dakta ta zo sau uku da lemo da ayaba, ko sau ɗaya ba ta ambaci dutse ba. A zuwanta na biyu ma ita ta taje wa Umma kai.

Da maganar ta fara dawowa, a karkace, kalma-kalma, abin da Umma ta fara haɗawa mai tsawo shi ne, "Malam, tafi wurin jajayenka. Kallon nan naka yana hana ni hutawa."

"Suna nan, ba inda za su," ya ce. "Sun jira abin da ya fi haka."

Bai koma ba sai ranar da ta riƙe cokali da kanta ta kai baki. Ko da ya koma, rabin yini yake yi ya dawo ya zaga da ita tsakar gida, hannunta a kafaɗarsa.

Shekara biyu aikin ya ci. A rami arba'in da huɗu suka sami layin tsakuwar, Ƙarami a sama, Babba a ƙasa. Akwai guda biyar da Baba da kansa ya kira Dakta ya ce, "A nan na yi kuskure ina yaro. Tsakuwa ce, amma ba ita ba ce. Cire su." Ta ce biyar ɗin nan za su ƙara wa rahoton nauyi idan da gaskiya ne. Ya ce ai ba gaskiya ba ne, ya ɗauko tsumma ya goge allin.

Wannan karon farfesan ya ce sai ya gani da idonsa. Ya je kwazazzabon da sandarsa, aka riƙe shi ya gangara. Baba ya ba mu labarin cewa tsohon ya yi kusan awa yana ƙwanƙwasa gaɓar, yana ɗiga asid, yana auna kaurin kowace shimfiɗa, bai kula kowa ba. Can ya ɓanto wani ɗan guntu ya juya, ya tambaya wa ya fara ganin abin. Dakta ta nuna Baba. Farfesan ya miƙa masa guntun ya ce, "Malam, nawa haƙoran na roba ne. Ɗanɗana mini wannan."

Baba ya murza a baki. "Akwai rairayi, ranka ya daɗe, amma kaɗan. Na kusa da saman gaɓar ne."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya sa hannu biyu ya gaisa da shi.

Da aka amince, Dakta ta zo gidanmu takanas. Ta durƙusa ta gaida Umma, sannan ta ce wa Baba da za ta iya da sunansa za ta sa wa dutsen, amma ƙa'ida ta hana sa sunan mutum. Babba zai riƙe tsohon sunan kogin. Ƙarami kuma zai ɗauki sunan wani ɗan ƙauye mai gida tara da ke saman kwazazzabon.

"Gara haka," in ji Baba. "Su ne maƙwabtansa, a kansa suke kwana. Ni wanki kawai na je yi."

Sunansa dai ya fito a mujallar masana, na biyu bayan nata. Ya sa yayana ya karanta masa takardar tun daga farko har ƙarshe. Turancin bai shige shi ba, amma da aka zo jerin ramukan sai ya ɗaga hannu. Ya ce zurfin na goma sha bakwai ba daidai ba ne, an juya lambobi biyu. Yayana ya ce haba Baba, mutum nawa suka duba wannan. Washegari Dakta ta buɗe rajista, ta rubuta wa masu mujallar su gyara.

Bayan ya yi ritaya da wata uku, Umma ta ce tana so a kai ta ta ga abin. Muka yi ta ba ta haƙuri saboda hanya, ta ce idan ba za a kai ta ba a gaya mata kawai. Yayana ya aro mota, muka sa kujerar roba a but ɗin motar. Ba ta iya gangarawa, don haka muka ajiye ta a kan sabuwar gadar, inda ake hango gaɓar sosai. Hantsi ya haska gaɓar, ja mai duhu a ƙasa, ja mai haske a sama, da siririn layi a tsakani wanda sai Baba ya nuna da sanda na gan shi. Wasu mata daga ƙauyen suka zo wucewa da tulunan ruwa, suka tsaya gaishe mu. Baba ya gaya musu sunan garinsu yana cikin littafi yanzu, ɗalibai za su riƙa rubuta shi a jarrabawa. Babbarsu ta dubi gaɓar ta dube shi, ta ce to Allah ya ba su sa'a, ta tambayi Umma ya jiki.

Umma ta daɗe tana kallo. Baba yana tsaye a bayanta riƙe da laima, yana jira.

"Kamar zannuwa a ninke cikin akwati," ta ce. "Wanda ya ninke su ba ya cikin sauri." Ta ɗaga hannun hagu ta kama hannunsa mai riƙe da laimar. "Yana da kyau, Malam. Yanzu ka zauna, ƙafarka tana rawa."

Yanzu su biyun suna wurina. Idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin lamba sai an rubuta ta ƙatuwa. Dakta tana aiko masa da ɗalibai lokaci-lokaci, su zo da duwatsu a jaka, ya sa su jiƙa su rufe ido. Sauran kwanaki shi ya karɓi tsintar shinkafa, tunda hannun Umma bai koma daidai ba. Suna zama a inuwar baranda da faranti a cinyarsa, ita tana ba da umarni. Jiya na ji ya tsinto wata 'yar tsakuwa yana juya ta tsakanin yatsu, ya ce mata wannan shinkafar a bakin rafi aka shanya ta. Ta ce ya jefar ya ci gaba, ruwa ya kusa tafasa.